In bututun wanki ya fara ba ka matsala kana tsakiyar haƙar bohol: yadda zaka gane, da yadda zaka gyara

'Yan uwa masu haƙar bohol da woshbo, wato rijiyar fayif da ake haƙawa da turin ruwa, yawancin ranakun da aiki ke tsayawa a sait ba dutse ne ke tsayar da shi ba, ruwa ne ya daina zagayawa yadda ya kamata. Kuma da zarar haka ta faru sai kaga kowa ya zama injiniya, wannan ya ce famfo ne, wancan ya ce bit ne, wato haƙorin da ke cin ƙasa a ƙarshen fayif, ya toshe, wani har ya ɗauko guduma, mai rijiya kuma yana gefe yana kallon fetur ɗinsa na ƙonewa. Alhali da za a tsaya minti 2 a kalli ruwan kawai, shi da kansa zai faɗi inda ciwon yake tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Bututun wanki da nake magana a kai wuri uku yake fitowa a aikinmu. A injin haƙa mai juyawa, shi ne ɗan guntun fayif ɗin nan da ke cikin suwibul, mahaɗin nan na can sama, wanda ke karɓar ruwa daga tiyo ya miƙa wa rodi, wato fayif ɗin haƙa mai juyawa, ɓangare ɗaya na tsaye ɗaya na juyawa, robobi suna riƙe da ruwan kada ya tsere. A wurin masu woshbo da masu juyawa da hannu kuwa duk jeren fayif ɗin da ake turawa ƙasa shi ne bututun wankin. Sai na uku, siririn fayif da ake zurawa cikin kesin, wato fayif ɗin da ake sa wa rijiya ya riƙe bangonta, bayan an gama haƙa don a wanke laka. Wannan salon haƙa da ruwa shi ne ya cika fadamun Haɗeja da na gulbin Rima da bakin Komadugu Yobe da rijiyoyin noman rani, tun zamanin hukumomi irin su KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, a shekarun 1980 har zuwa shirin Fadama na farkon 1990, domin yashi da laka ne a ƙasa, ruwa kuma na kusa. A cikin Kano ko Zariya ko Kaduna wankin iyakarsa ƙasar sama da ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai kampreso da hama mai fasa dutse da ƙarfin iska.

Abu uku zaka riƙa kallo, kuma tare zaka kalle su: ƙarfin ruwan da ke shiga, yawan ruwan da ke dawowa ta bakin rami, da kuma inda ruwan ramin tsotso, wato ramin da famfo ke zuƙar ruwa daga ciki, ya tsaya. In kana da gejin auna presha a bakin famfo madalla, in babu to tiyo ne gejinka, ka taka shi da ƙafa ka ji ko ya yi tauri ko ya saki. Ramin tsotso kuma ka kafa kara a ciki ka yi masa alama tun da safe, don ido kaɗai ba ya gane ruwa ya ragu sai ya yi nisa.

In tiyo ya ƙame ya yi tauri amma ruwan da ke dawowa ya ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya, toshewa ce. Nan akwai abin da ke ruɗar yara da yawa, irin ƙaramin injin ban ruwan nan na inci 2 ko inci 3 mai impela, wato fankar da ke tura ruwa a cikinsa, in hanya ta toshe ba nishi yake ba, sauƙi ma yake ji, zaka ji kukansa ya ɗaga sama ya yi wasai kamar an sauke masa kaya, sai yaro ya ce ai oga inji lafiya lau yake. Ba lafiya ba ce, ruwa ne ba ya tafiya, kuma in ka bar shi haka ruwan cikinsa zai yi zafi ya ƙona sil, robar da ke hana shi yoyo. Famfo mai fistin shi ne yake nishi, geji ya haura, tiyo ya fara tsalle, in babu bawul ɗin tsaro wani abu ya fashe. To yanzu saura ka san toshewar a ciki take ko a waje. Ka ɗaga fayif kamar mita 1 ka juya shi. In ya taso salin alin yana juyawa ba gardama amma ruwa bai dawo ba, a cikin fayif ne ko a ramukan bit. In kuwa yana da nauyin ɗagawa, yana cijewa wajen juyawa, to ƙasa ce ta rufe shi ta waje, wannan kuma maganarsa daban, zan zo kanta.

Toshewar ciki kusan kullum a wajen ƙara fayif take samuwa. Ruwan da ke bayan fayif yana ɗauke da yashi don haka ya fi na ciki nauyi, kana kashe famfo sai ya danno baya ya shigo ta bit da yashinsa, kafin yaran su gama neman fayif renci ya cushe mita guda ko fiye. Maganinsa tun kafin ya faru: in fayif ya ƙare kada ka kashe inji nan take, ka bar ruwa ya zagaya har sai kaga yashin da ke fitowa ya ragu sosai, ka ɗaga bit daga ƙasa ko da rabin mita, fayif na gaba ya zama yana kusa an goge tiredinsa, wato haƙoran ɗaurinsa, an shafa giris, a ɗaura cikin hanzari a tada famfo, sai ruwa ya dawo sannan a sauka. Kuma don Allah duk fayif da za a ɗaura a ɗaga shi a leƙa a ga haske ta ɗaya bakin. Fayif ɗin da ya kwana biyu a ajiye ba abin da ba ka samu a ciki, gidan zanzaro, leda, tsumman da wani ya cusa ya manta, ɓawon tsatsa, ƙadangare ma. In ta riga ta toshe, ka gwada ɗagawa da saukewa da ɗan sauri famfo na aiki, kana bubbuga jikin fayif da katako, wani lokaci yana buɗewa. In ka yi haka na 'yan mintoci bai buɗe ba kada ka ɓata lokaci, fito da su. Amma kana fitarwa wani na zuba ruwa ta bakin rami, domin duk fayif da ka zare ruwan rami sauka yake. Zaka gane wanda ya toshe da kanka, duk na samansa in an kwance ruwa ne zai kwararo maka a ƙafa.

Nau'in matsala na biyu ya fi toshewa mugunta saboda ba ya ihu. Ƙarfin ruwa yana raguwa a hankali, ruwa na dawowa daidai yadda yake, ramin tsotso bai ragu ba, amma haƙa ta daina ci kuma ruwan da ke fitowa ba ya ɗauke da sabuwar ƙasa. Wannan fayif ne ya huje a tsakiya, ko soket, mahaɗin fayif da fayif, ya fara yoyo, ruwan yana yanke hanya ya dawo sama bai kai ga bit ba. Mutane da yawa a nan sai su ɗauka sun iso wuri mai tauri su ƙara danna nauyi su ƙara ƙarfin juyi, shi kenan fayif ya tsinke daidai wurin hujin. Ruwa mai yashi in ya samu ƙofa ko da kamar ƙofar allura ce, magagari ne, yana cin ƙarfen ne yana faɗaɗa ta, abin da ya fara da ɗigo da hantsi kafin la'asar ya cinye rabin tiredi. In kana shakka akwai gwajin da masu haƙar mai ma suna yi: wajen ƙara fayif ka zuba ɗan tafin shinkafa a ciki, ka tada famfo ka duba agogo ka ga yaushe zata fito. In ka saba yin haka ka san lokacin da take ɗauka a wannan zurfin, ranar da ta fito da wuri sosai ka san ba ta je ƙasa ba. Gyaransa ɗaya ne, a fito a duba fayif ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane soket a nemi wurin da ya yi ƙyalli ko ya yi kwari kamar an zana. Wanda ka samu ka ware shi gefe ka shafa masa fenti, kada ka ce a naɗa roba a lallaɓa a gama yau.

Tunda mun zo nan bari in faɗi ra'ayina kan fayif ɗin ruwa na gida da ake haƙa da shi. Tiredinsa siriri ne, don riƙe ruwa aka yi shi ba don a murɗa shi a kwance sau ɗari ba. In dole da shi zaka yi aiki, nemi mai kauri, wanda ake yi wa zoben jan fenti, mai shuɗi matsakaici ne, mara nauyin nan kuwa ko kyauta aka ba ka asara ce. Wanda ya samu hali ya kai wa masu walda da injin feƙe ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano, su yi masa mahaɗai masu manyan haƙora a walda a bakin fayif. Kuma kada a riƙa jan fayif a ƙasa tiredi na gugar tsakuwa, a jera su kan katako.

Nau'in matsala na uku: ƙarfi ya faɗi, ruwan da ke dawowa ma ya ragu. Nan karan da ka kafa a ramin tsotso ne alƙali. In ruwan ramin yana sauka, ƙasa ce ke sha, ka shiga tsakuwa ko yashi mai manyan ƙwayoyi ko kogon marmara, fayif ɗinka ba shi da laifi. In ramin yana nan yadda yake, famfo ne ba ya turawa. Fara da ɓangaren tsotso domin can matsalar ta fi zama: rariyar bakin tiyo ta toshe da ciyawa ko ta nutse cikin laka, kilif ya saki yana shan iska, tiyon ya tsage ta inda ya lanƙwasa, robar cikin kofulin, wato mahaɗin tiyo, ta faɗi. Iska kaɗan ta isa ta kashe wa irin wannan famfo ƙarfi, zaka ga ruwan na fita da kumfa yana tofi. Sai ka duba duk wannan sannan ka buɗe famfo ka ga impela, in yashi ya cinye fukafukanta sun yi siriri to canji ne. Ga gwaji mai sauƙi: ramin inci 6 da fayif inci 2 a ciki, kowace mita ta bayan fayif tana cin wajen lita 15, kuma kana son ruwan ya riƙa hawa aƙalla mita 20 a minti don ya ɗago yashi, kenan lita 300 a minti. Cire tiyo ka sa a duro mai lita 200, in ya wuce sakan 40 bai cika ba a fili ma, to ina ga ya bi ta mita 30 na fayif. Abin da aka rubuta a jikin kwali lissafin sabon inji ne da bakinsa a buɗe.

In kuwa ƙasa ce ke shan ruwan, abu na farko ka ɗaga fayif sama da wurin, na biyu kada ka bari rami ya sauka, a zuba duk ruwan da ake da shi. Sannan a kaurara ruwan haƙa. Bentonait, garin laka na kaurara ruwan haƙa, ana jiƙa shi tun da wuri ne a wani duro, ana barbaɗawa a hankali ana motsawa, ba a juye buhu cikin rami ya dunƙule ba, kuma in ruwan wurin mai tauri ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki, ba zai kumbura da kyau ba sai an fara sa 'yar soda. Polima, wani sinadarin kaurara ruwa, ita ma haka, kaɗan kaɗan a bakin ruwa mai gudu. Mai mazurarin Marsh na auna kaurin ruwan haƙa ya san ruwa zalla sakan 26 yake yi ya cika kofin awonsa, na haƙa a yashi kuma ana so ya kai wajen 35 zuwa 45. Na san a ƙauye ana kwaɓa kashin shanu kuma yana riƙe rami, ban musa ba, amma rijiyar da mutane za su sha ban yarda da shi ba sam.

To sai suwibul, wanda shi matsalarsa a fili take, ruwa ne zai fara ɗiga ta wuyansa, daga nan ya koma feshi yana jiƙa duk wanda ke ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko sifana a ƙara ɗaure noti, ya tsaya na ɗan lokaci, ya dawo, a ƙara ɗaurewa, har robobin su ƙone su ci jikin fayif ɗin. Ɗauri na farko ba laifi in kaɗan ne. In ya dawo, tsaya ka buɗe. Ka ɗaga bit daga ƙasa sosai tukuna, ka bar ruwa ya zagaya rami ya yi tsabta, a kashe inji, a saki presha, ka tabbata tiyo ya yi laushi kafin ka sa hannu, kuma wani ya tsaya yana cika rami. Ka lura wasu notocin wurin tiredin hagu ne da su, duba kafin ka hau su da guduma kana ƙara ɗaurewa kana zaton kwancewa kake.

In ka zaro guntun fayif ɗin ka wanke shi da kananzir ka bi jikinsa da farce daidai inda robobi ke zama. In farcenka ya maƙale a wani kwari da ya zagaye shi, sabuwar roba ba zata yi maka komai ba, kwana ɗaya zata yi ta bi ta farko, sai dai a canza su tare. Wasu ana iya juya su kai ya koma ƙasa robobin su samu sabon wuri, in naka irin wannan ne ka ci riba sau ɗaya. Ka kuma kalli yadda cin ya kasance: in ya zagaye daidai, yashi ne da rashin giris. In gefe ɗaya ya fi ci, to abin ba a saiti yake ba, ko dai boris ya yi wasa sandar suwibul na rawa, ko kuma nauyin tiyo ne ke jan wuyan suwibul gefe guda, wannan na biyun ya fi yawa kuma maganinsa igiya ce kawai, a ɗaure tiyon a jikin hasumiyar injin haƙa ya zama ba suwibul ke ɗauke da shi ba. Kama sandar ka girgiza, in kana jin ƙwas ƙwas boris ne. In giris ɗin boris ya koma fari fari kamar madara ruwa ya shiga, a wanke a sake.

Wajen mayarwa, robobi masu leɓe leɓensu yana kallon inda ruwa ke fitowa ne, domin presha ce ke buɗe leɓen ya kama fayif, in ka kifa su ruwa zai wuce abinsa. Ka jera tsofaffin a kan tsumma yadda ka ciro su don kada ka rikice. Kowace ka cika ta da giris. In naka mai igiyar shaƙewa ne maimakon robobi, a yanka zobe zobe, yankan a karkace, kada mahaɗar wannan ta hau kan ta wancan, kuma shi irin wannan ana barinsa yana ɗan ɗiga kaɗan, ɗigon ne ke sanyaya shi, in ka ɗaure har ya bushe ƙurmus zai yi zafi. Giris kullum da safe kafin a tada famfo da kuma tsakar rana, lokacin da babu presha, in da presha giris ɗin ba ya shiga inda ake so. Kada kuma a riƙa juya rodi famfo a kashe, robar busasshiya take gugar ƙarfe. Duk mai zuwa sait nesa da gari ba tare da saitin robobi na ajiya a akwati ba shi ya so.

Amma fa duk wannan, impela da ta cinye, soket da ya huje, suwibul da ke feshi, in ka bi sawunsu wuri ɗaya suke kai ka: ramukan da aka haƙa na ruwa. Sau da yawa yara rami ɗaya suke yi ɗan ƙarami kusa da bakin bohol, ruwa ya fito da yashi ya faɗa ciki famfo ya sake zuƙe shi ya mayar ƙasa, yashi ɗaya yana zagaye inji yini guda. Ramuka biyu ake yi, na farko na kwantar da yashi, na biyu na tsotso, a haɗa su da 'yar kwata mai lanƙwasa ta sama yadda ruwan zai rage gudu, kuma kada mashigar ruwa ta kalli mafita kai tsaye. Girman su gaba ɗaya ya kai kamar ninki 3 na abin da bohol ɗin zai ci. Ramin inci 6 yana cin wajen lita 18 a kowace mita, mita 30 kenan kusan lita 550, ninki 3 ya haura lita 1,600, duro 8. Inci 8 kuwa lita 32 ne a mita, sai ka yi lissafinka. A sa yaro ɗaya aikinsa kawai kwashe yashi da shebur daga kwata da ramin farko. Rariyar tsotso a rataye ta a sanda ko a sa ta cikin kwando, kada ta taɓa ƙasa. Lokaci lokaci ka ɗebi ruwa a gorar roba daga kusa da rariyar ka ajiye, in yashin da ya kwanta ya kai kaurin yatsa to abin ya wuce misali, tsaya a gyara rami. Awa ɗaya da za a ƙara wajen haƙa ramukan nan da safe ta fi arha a kan komai da na lissafa a sama.

Mu koma kan fayif da ƙasa ta riƙe. Abin da ke tsare bangon rami a cikin yashi nauyin ruwan da ke ciki ne, kowace mita 10 ta ruwa tana danna bango da presha kusan bar 1 a ma'aunin geji, muddin ruwan ramin ya fi na ƙasa tsayi yana tura yashi baya, yana sauka kuma yashi ya zubo. Shi ya sa mafi yawan kamun fayif bayan an kashe famfo ne, an tafi cin abinci, ko fetur ya ƙare, ko tankar ruwa ba ta zo ba. Fayif ba ya kwana a ƙasan rami, ko tafiya sallah za a yi a ɗaga shi sama a bar mutum yana cika ruwa. In ya riga ya kama, fara da neman ruwa ya zagaya ko da kaɗan ne, a hankali, kana ɗan motsa shi sama da ƙasa kana juya shi dama. Ruwa na fara fitowa ko da siriri ne to ka yi haƙuri da shi, zai buɗe hanya da kansa. Kada a juya hagu, kwance wani soket zaka yi a can ƙasa. Kada a ɗaura wa mota ko tarakta a ja. In ja za a yi, kilam, wato maƙamin fayif, mai kyau da jak biyu a kan katako masu kauri, a ɗan ɗaga a jira, a ɗan ƙara a jira. Dabarar da ta fi aiki a ramuka marasa zurfi ita ce a zura wani siririn fayif, inci 1 ko ƙasa da haka, ta gefen wanda ya kama, a haɗa shi da famfo a wanke yashin da ya riƙe shi daga sama zuwa ƙasa. In ramin da faɗi, ana iya zura fayif mafi girma ya haɗiye wanda ya kama ana wankewa.

Laka kuma nata kamun daban ne. A wurare irin Borno inda ake ratsa laka mai kauri, tana dunƙulewa a jikin bit da soket ta yi zobe ta rufe hanyar ruwa. Alamarta ruwa ya riƙa fitowa yana yankewa, ga ƙarfin juyi ya ƙaru. Nan kaurara ruwa ƙara ɓata lamari yake, sai dai a tsinka shi da ruwa sabo, a rage saurin sauka, kowane fayif a yi ta hawa da sauka da shi sau da yawa kafin a ƙara wani.

In ya tsinke, ƙirga abin da ya fito ka auna ka san daidai zurfin da kan guntun yake, a ci gaba da cika rami. A manna sabulu ko kakin zuma a ƙasan katako a sauke a danna sau ɗaya, zai nuna maka ko bakin a tsakiya yake ko ya jingina da bango, ko soket ne a sama ko tsinken fayif. Daga nan ka san ko ƙarfen kamu mai shiga cikin guntun zaka tura ko mai haɗiyewa ta waje, ko sai an fara jawo shi tsakiya da ƙugiya. Woshbo na mita 10 ko 12 dai gaskiya in fayif ɗaya ne da bit suka zauna kuma yashi ya rufe, sau da yawa matsawa gefe a sake sabo ya fi sauƙi, sai a cike tsohon da laka kada ya zama hanyar ƙazanta.

Bututun wanki na cikin kesin shi ma yana da nasa halin. Ka zura shi ka tada famfo kana jiran laka ta fito ta bayan kesin, sai kaga ruwan yana dawowa ta cikin kesin ɗin ko yana fita ta tsagogin sama na sikirin, wato ɓangaren kesin mai tsagogi da ruwa ke shiga, ya bar ƙasa da lakarta. Dole bututun ya kai har gindi, kuma a toshe bakin kesin ta sama da tsumma da roba ko murfi mai huji yadda ruwa ba shi da hanya sai waje. Amma a bi a hankali da maƙurar inji, kesin roba ne, kuma wani lokaci presha tana ɗago shi gaba ɗaya, a ɗaure shi. Kada a kashe famfo bututun na zaune a gindi, yashi mai laushi yana shigowa ta tsagogi ya kwanta a kan soket ya riƙe shi, kana ja kuma sikirin zaka fasa ko ka taso da kesin. Shi ya sa na fi son baƙin tiyon roba mai tauri wanda ba shi da mahaɗi a wannan aikin. A wanke har ruwa ya tsinke ya yi haske sannan a fara zuba tsakuwa, da kwano, a zagaye, ana aunawa da igiya. In polima aka yi aiki da ita kulorin yana karya ta, bentonait kuwa sai an dage da wanki da bugun ruwa, in aka bar shi ya kwana ya kama bango rijiyar zata ba da ruwa ƙasa da abin da ya kamata, mai ita kuma ya ce wurin ne ba ruwa.

Sai a kula da babbar riga da rawani kusa da rodi mai juyawa, a ɗaure bakin tiyo da waya ko sarƙa a jikin suwibul saboda ranar da kilif zai saki, ramukan ruwa kuma a kore yaran unguwa daga bakinsu, in an tashi aiki a cike su kafin a bar wurin.